Ranar da Uwaisu Ya Kwashe Hanya

A shekarar 1975, lokacin da arzikin man fetur ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa yadda za ta yi da shi, duk ma'aikacin da ya iya rungumar fayil sai a tura shi kwas Ingila. Cikin waɗanda wannan iska ta kwaso har da Malam Uwaisu, jami'i a wata ma'aikata a Kano, wanda aka turo Landan ya yi wata tara yana koyon sha'anin mulki a wata kwaleji da ke Bloomsbury.

Ba zan ce Uwaisu mugu ne ba. Yana da fara'a, yana da kyauta, in kilishi ya zo masa daga gida kowa sai ya ɗanɗana. Ciwonsa ɗaya ne: bai taɓa jin an ambaci wani abu a duniya ya ce bai iya ba. Ka ce tuƙin jirgin ruwa, kawunsa ya koya masa a Lakwaja. Ka ce gyaran agogo, da shi ya tashi. Amma abin da ya fi cika baki a kai shi ne hawan dutse, saboda a gindin Dala aka haife shi, kuma in ji shi sau uku yake hawa ya sauko kafin a dama koko. 'Yan Arewa mazauna Landan suka sa masa Sarkin Dutse. Shi ya ɗauka sarauta ce.

To, Sarkin Dutse ya kamu da son Zinatu, 'yar Zariya mai karatun haɗa magunguna, kuma abin mamaki ita ma tana son sa, ko da yake rabin hirarsu dariya take yi masa. Cikas ɗin yana Stratford, inda yayanta Dakta Abdulƙadir yake zaune. Mahaifinsu ya riga ya aiko cewa shi ba zai iya binciken mutumin da ke bayan teku ba, duk abin da Abdulƙadir ya rubuto shi zai bi.

Wata Lahadi aka taru a gidan Dakta ana cin tuwon semo da miyar busasshiyar kuɓewa. Har da Chundung, ƙawar Zinatu, nas 'yar ƙasar Jos da ke aiki a asibiti ɗaya da Dakta. Uwaisu yana tsakiyar ba da labarin yadda ya taɓa sauko da akuya daga kan Dala a kafaɗa, sai Dakta ya wanke hannu ya zaro ambulan daga aljihu.

"Malam Uwaisu, wata shida ke nan ina sauraronka," in ji shi. "Ka ce za ka koya mana Faransanci, muka tsaya a darasi na ɗaya. Ka ce za ka gyara heater, yanzu da bargo muke zama a flat ɗin nan. Ka kwance rediyona, har yau kayan cikinsa suna kwali."

"Ranka ya daɗe, ai rediyon nan saura ƙiris."

"Komai naka saura ƙiris. Wannan wasiƙar da zan aika wa Baba ce. Na rubuta duka, na bar layi ɗaya. Ka fara abu ɗaya ka gama shi a kan idona, sai in san abin da zan cike a wurin."

Uwaisu da gaske yake son Zinatu. Mai hankali da sai ya ce a miƙo masa kwalin rediyo. Shi kuwa ya ɗaga kai ya ga kalanda a bango, da hoton wani dutse a ƙasar Wales wanda ya tsoma ƙafarsa cikin teku.

"Wancan," ya nuna da yatsa. "Hutun banki na ƙarshen wata zan kai ku ƙololuwarsa in sauko da ku. Ni zan yi booking, ni zan yi jagora."

Chundung ta ajiye cokali. Ita a tsakiyar duwatsu ta girma, tun tana ƙarama take hawa da tulu a ka. "Oga Uwaisu, ka taɓa ganin dutsen nan ido da ido?"

"Sista, dutse ai dutse ne. Wannan ƙanen Dala ne, sanyi kawai ya fi shi."

Zinatu ta ce, "Uwaisu, rediyon fa ya fi kusa."

Bai ji ba, ya riga ya kai ƙololuwa a ransa.

Washegari ya fara atisaye. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Russell Square akwai lif, akwai kuma wata matakala mai murɗewa wadda ba mai bin ta sai wanda lif ta ƙi. Uwaisu ya sanar da 'yan ajinsu cewa lif ta tsofaffi ce, ya kama matakala da gudu. A taki na sittin ƙirjinsa ya fara kiɗa. A na tamanin ya zauna. Yana nan zaune wata tsohuwar Baturiya ta zo ta wuce shi da jakar cefane, ta waiwayo ta miƙa masa alawa. Da ya fito bayan minti ashirin ya gaya wa 'yan ajin cewa tsayawa ya yi yana nazarin ginin. Daga ranar a ɓoye yake shiga lif, in ya fito sai ya yi ta haki da gangan.

Sai sayen kaya. A wani kanti kusa da Charing Cross ya ɗauki doguwar igiya, da hular kwano, da usur, da kamfas, da gatarin sarar ƙanƙara. Mai kanti ya ce ai a watan Mayu babu ƙanƙara a Wales. Uwaisu ya ce shi bai taɓa hawa Dala babu gatari ba. Mai kanti ya kawo takalman hawan dutse, Uwaisu ya ce waɗannan na leburori ne. Shi da takalminsa na yayi mai tudu zai je, don tun daga ƙasa ya rage wa dutsen inci uku. Aka miƙo masa taswira, ya mayar. Taswira, in ji shi, ta baƙo ce.

Ranar tafiya 'yan Arewa suka cika tashar Euston, wai rakiya, alhali kallo suka zo. Ga Sarkin Dutse cikin shuɗiyar babbar riga da wando mai faɗin ƙafa, hular kwano a kan zanna, igiya a kafaɗa, tukunya a baya, buhun gawayi a hannu, don ya rantse sai an ci dafa-duka a saman dutse.

Rwang, wan Chundung, ya kewaye shi sau biyu ya ce, "Sarkin Dutse, yaƙi za ka ko biki?"

"Ku dai ku tanadi kunne, in na dawo za ku sha labari."

"Labari kam mun san za mu sha ko ba ka je ba."

Gatarin ya maƙale a ƙofar jirgi, sai da ma'aikaci ya zo ya zare shi daga cikin babbar rigar.

Suka kwana a wani ƙaramin masauki a ƙauyen da ke gindin dutsen, ƙauyen da sunansa ya gagari harshen kowa, suka ce a bar shi a Ƙauyen Tumaki. Da safe suka kama hanya su huɗu. Gari garau, teku shimfiɗe a dama shuɗi shar, tumaki ko'ina suna kallon babbar riga. Hanyar ta fara da sauƙi, Uwaisu yana gaba yana koyar da yadda ake numfashi. Da ta miƙe sama sai darasi ya tsaya. Buhun gawayi ya koma hannun Dakta. Tukunya ta koma kan Chundung, wadda ta naɗa gammo da ɗankwali ta ɗora ta, tana tafe tana waƙar coci. Iska ta shiga babbar rigar ta hura ta, ta juya shi sau biyu, har sai da Zinatu ta ɗaure masa ƙugu da igiyarsa.

"Da gangan na rage sauri," ya ce mata yana haki. "Don Likita."

"Yaya yana can sama yana jiranka."

Wajen azahar suka fito wani shimfiɗaɗɗen fili a kafaɗar dutsen. A nan hanya ta ɓace, sai ciyawa da fa. Gaba ƙololuwa ce, hagu gangare, dama kuwa ƙasa ta yanke tsaf, teku yana can ƙasa yana dukan duwatsu. Abin da kawai ke tsaye a filin shi ne tsibin duwatsu guda uku, jere nesa da juna, kowanne tsawon gwiwa, kowanne da farin dutse a kansa.

Dakta da Zinatu suka gangara wata ƙorama yin alwala, Dakta ya ce zai ɗan miƙe ƙafa a can. Uwaisu ya ga dama ta samu. A gida duk inda matafiya suka yada zango, a tashar mota ko gindin bishiya, sai a jera duwatsu a kewaye wurin salla, a fitar da alƙibla, ya zama masallaci. To ga duwatsu nan an tara masa a banza. Likita zai dawo ya tarar da aikin da aka fara aka gama.

Ya cire hular kwano, ya naɗe hannun riga, ya duba kamfas, wanda ko a kanti don alƙibla ya saye shi, ya kama tsibi na farko.

Chundung tana zaune a kan fa tana cin biredi. "Oga Uwaisu, duwatsun nan ba su tara kansu ba. A wajenmu in ka ga an tsiba dutse, wani abu ake nunawa. Ko iyaka, ko kabari."

"Sista, manoma ne suka share gona suka tara a gefe. Haka ake yi ko a Dawakin Tofa."

"Gona a nan? Me ake shukawa, tumaki?"

"Ke dai ki ci biredinki."

Gaskiya ranar ya yi aiki. Tsibi na farko ya ba da bangon gabas, na biyu ya ba da kudu da arewa. Da ya ga abin ya yi kyau sai ya ce a ƙara sahu, ko Allah zai kawo baƙi, ya kwashe na uku. Masallatan uku ne, ya yi wurin mutum talatin. Fararen duwatsun nan uku ya jera su a gaban liman don ado, ragowar ya kafa murhu, ya hura gawayi, ya ɗora tukunya.

Dakta ya hauro ya tsaya yana kallo. "Kai ka yi wannan?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe. Masallaci na farko a kan dutsen nan."

Dakta ya shafa aljihun da wasiƙa take. Uwaisu ya gani, daɗi ya kama shi har kunne.

Suna sallame salla hazo ya taso daga teku. Ba irin wanda suka sani ba ne. Wannan jiƙaƙƙe ne, mai sanyi, kuma kafin shinkafa ta tsotse ruwa ya shafe ƙololuwa, ya shafe gangare, ya shafe bakin ramin da ke dama. Mutum ba ya ganin abin da ya wuce taku biyar.

Can sai suka ji muryoyi. Wasu Turawa ne su goma sha biyu suka ɓullo daga cikin hazon, tsofaffi maza da mata, 'yan wata ƙungiyar masu yawon dutse, kowa da sanda da gajeren wando. Daga ƙololuwa suke saukowa. Shugabansu, wani dogon dattijo mai farin gashin baki, yana ta juya taswira.

"Shekara arba'in ina bin hanyar nan," ya ce da Turanci. "A daidai nan akwai tsibin duwatsu uku. Su ne hanya. Daga na farko kana hango na biyu ko a cikin hazo, na uku ya kai ka bakin gangare. Yau babu ko ɗaya."

Uwaisu ya kawar da kai yana kallon tukunya. Chundung ta juyo a hankali ta dube shi. Ya ɗan matsa ya baza babbar riga a kan fararen duwatsun, ya haɗa hannu yana roƙonta da ido.

Ta ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Saboda Zinatu na ba ka rabin awa."

Uwaisu ya gyara murya ya ce wa dattijon, "Abin takaici. Ashe har dutse ake sata a ƙasar nan."

Wata 'yar tsohuwa mai tabarau ta yi tuntuɓe da sahu na biyu, ta sunkuya, ta kira 'yan uwanta. Ta ce wannan ai kufai ne na mutanen da, ta karanta irinsa a littafi, zai yi shekara dubu uku. Ta fito da kyamara. Ta tambayi Uwaisu ra'ayinsa.

"Tsoho ne ƙwarai," in ji shi.

Zinatu ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Dattijon ya ce abin da ya fi shi ne a zauna a jira hazo ya ɗaga. Uwaisu ya ga in aka zauna, ba a daɗe ba wani zai tambayi dalilin da ya sa gindin duwatsun mutanen da yake da ɗanyar ƙasa. Ya miƙe, ya kifa hular kwano, ya ɗaga gatari.

"Ni jagoran dutse ne daga Najeriya. A ƙasarmu Sarkin Dutse ake kirana. Follow me."

Turawan suka dubi igiya, suka dubi gatari da usur, suka yarda. Dakta ya ce, "Malam Uwaisu, ka tabbata?"

"Ranka ya daɗe, ko ido rufe."

Ya sa kowa ya riƙe igiya, mutum goma sha biyar a bayansa kamar raƙuman fatake, ya busa usur, aka tashi. Suka yi tafiyar minti ashirin, yana ba dattijon labarin Dala. Can ya tsaya ya shaƙi iska.

"Kun ji? Ƙamshin girki. Mun iso ƙauye."

Suka ƙara taku goma, sai ga tukunyarsu a kan murhu.

"Na dawo da ku ne in tabbatar wuta ta mutu," ya ce. Ya busa usur.

Karo na biyu ya ce tumaki sun fi kowa sanin gida, aka bi wata tunkiya. Tunkiyar ta kai su wata fadama, ƙafar Uwaisu ta dama ta nutse har gwiwa. Turawa huɗu suka ja igiya, ƙafa ta fito, takalmi mai tudu ya zauna a Wales har abada. Ya ci gaba da jagora yana ɗingishi, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da inci uku, kuma mai tafiya haka dole ya karkata. Bayan kwatan awa suka sake cin karo da tukunya. 'Yar tsohuwa mai tabarau ta ce kufan mutanen da suna da yawa a dutsen nan, kuma duk da tukunya.

Karo na uku ba wanda ya yi dariya. Uwaisu ya ɗauki wata kusurwa da ƙarfin hali, yana tafe yana cewa yanzu kam ya gane. Ƙarar teku tana ƙaruwa, yana cewa alama ce mai kyau. Sai Chundung, wadda ke bayansa, ta fizgi igiyar da ke ƙugunsa da ƙarfin da ya zaunar da shi a ƙasa. Hular kwano ta fice daga kansa ta gangara gaba, taku uku, ta ɓace. Suka yi shiru suna saurare. An daɗe kafin a ji ta faɗa ruwa.

Tsoro na gaske ya kama Uwaisu. Zinatu ta tsuguna kusa da shi, fuskarta ba wasa. "Uwaisu, ka san hanya?"

Ya buɗe baki, Dala ta zo har kan harshensa. Ya dubi inda hular ta bi. "Ban sani ba," ya ce.

"Rabin awarka ta cika tun ɗazu," in ji Chundung. Ta karɓi kan igiya, ta juya da su baya a hankali, teku a bayansu, har suka koma wurin tukunya. A nan ta sa kowa ya tsaya, ta duƙa tana duba ƙasa. Inda dutse ya shekara a zaune ciyawa ba ta fitowa, wannan kowace yarinyar ƙauyensu ta sani. Ba a jima ba ta sami baƙin tabo mai faɗin faifai, tsutsotsi suna motsi a ciki. Ta tsayar da Dakta a kai. Ta sami na biyu ta tsayar da dattijon. Tana neman na uku sai ga haushin kare.

Wata tsohuwa ce mai tumaki ta hauro daga ƙauye, gajera, da sanda da kare baƙi da fari, a bayanta maza shida da igiyoyi da gadon ɗaukar majiyyaci. Usur ɗin Uwaisu suka ji tun ɗazu, kuma a ƙasar in aka yi ta busa usur a kan dutse neman ceto ake yi. Kamar da gayya, a daidai lokacin iska ta kaɗa, hazo ya yaye, rana ta fito a kan masallacin mutum talatin, sahu-sahu, da fararen duwatsu uku a gaba.

Tsohuwar ta je ta ɗauki ɗaya ta juya shi. "Ni nake shafa wa waɗannan fenti duk bazara," ta ce. "Wa ya kwashe hanya?"

Ba wanda ya nuna kowa. Sai dai mutum ashirin da biyu da kare ɗaya duk suka juya suka dubi mai takalmi ɗaya.

"Hajiya," in ji Uwaisu, don a ruɗe ya manta inda yake, "aro na yi."

Ta yi masa faɗa da Turanci, da ya ƙare mata ta koma yarensu, kuma ko ba tafinta kowa ya gane. Ta ce kakanta ne ya fara tsibin nan bayan hazo ya ci masa ɗan'uwa a bakin ramin can. Ta ce al'adar dutsen ita ce duk wanda ya wuce ya ɗora dutse ɗaya, ɗaya tak, don na bayansa. Shekara tamanin mutane suna ɗorawa, shi ya zo ya kwashe kafin shinkafa ta nuna. 'Yar tsohuwa mai tabarau ta mayar da kyamararta jaka a hankali. Dattijon ya tambayi Dakta ko da gaske a Najeriya sarki ne.

"A Landan aka naɗa shi," in ji Dakta.

Kunya ta rufe Uwaisu har ya ji da ma shi ne ya bi hular. Ƙololuwa tana can sama, ba wanda ya ƙara maganarta. Ya saci kallon aljihun Dakta, ya san layin nan ya riga ya cika kansa. Mazan ƙauyen suka ce kowa ya sauka, gobe za su hauro su gyara.

Uwaisu ya ce, "A'a. Ni na kwashe."

Ya tuɓe babbar riga ya shimfiɗa, ya zuba duwatsu a ciki, ya saɓa a kafaɗa. Ba wanda ya taya shi, don tsohuwar ta gitta sanda ta hana. Ta zauna a kan fa tana ba da umarni: manya a ƙasa, masu faɗi a tsakiya, wancan ba nan yake ba. Tsibi na farko ya rushe sau biyu, ta sa ya sake. Turawan suka zauna suka buɗe fulas ɗin shayi, Chundung ta raba musu dafa-duka a murfin tukunya, suna ci suna hawaye saboda barkono suna cewa a ƙara. Uwaisu yana ta kai da kawowa, ƙafa ɗaya takalmi ɗaya safa, yatsunsa sun farfashe, babbar rigar ta zama tsumma. Abin da ya fi ba Zinatu mamaki, awa biyu da rabi bai ce uffan ba.

La'asar ta yi sanyi kafin ya ɗora farin dutse na uku. Tsohuwar ta kewaya tsibin, ta taɓa shi da sanda, bai motsa ba. Ta tsinci wani ɗan dutse a ƙasa ta miƙa masa.

"Wannan naka ne. Ɗaya."

Ya ɗora.

A ƙauye akwai jan akwatin wasiƙa a jikin bangon kanti. Dakta ya tsaya a gabansa, ya zaro ambulan, ya dafa takardar a bango ya rubuta layi ɗaya, ya lashe, ya liƙe, ya jefa. Uwaisu yana tsaye a baya cikin aron takalmin roba na mijin tsohuwar, bai iya tambaya ba. Har suka koma Landan bai tambaya ba. Labari kuwa ya riga su isa. A Euston Rwang ya tarye shi da tsakuwa a hannu, ya ce ko Sarki zai taimaka ya ajiye masa ita. Sati uku Uwaisu ba ya cin abinci sosai, ko kilishi ya daina yi masa daɗi.

Ranar wata Lahadi Dakta ya aika a kira shi Stratford. Ya tarar da su a zaune, Zinatu da Chundung, da shuɗiyar wasiƙa mai kan sarkin Najeriya a kan tebur.

"Amsar Baba ce," in ji Dakta. "Kana so ka ji abin da na rubuta masa?"

"In ba damuwa, ranka ya daɗe."

"Cewa na yi: mutumin ya kusa hallaka mu, amma na ga ya kwashe dutse ɗari biyu ya mayar da su da hannunsa, bai gudu ba."

Uwaisu ya sunkuyar da kai. "Baba fa?"

Dakta ya buɗe takardar ya gyara tabarau. "Ya ce ya amince, a turo manya bayan salla." Ya ɗaga hannu kafin Uwaisu ya tashi. "Da saura. Ya ce katangar bayan gida ta zube tun daminar bara, an kawo duwatsun harsashi mota biyu an zube a ƙofar gida, ya rasa mai shigar da su. Tunda Allah ya kawo mai iyawa cikin dangi, ya ce kada kowa ya taɓa, a bar wa surukinsa."

Chundung ta kwanta a kujera don dariya. Uwaisu kuwa farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, ƙirjinsa ya fara buɗewa yadda ya saba.

"Mota biyu kawai? Ai ni ginin katanga, tun ina yaro a gindin Dala..."

"Uwaisu," in ji Zinatu.

Ya rufe baki. Ta tura masa kwalin rediyo da ƙafa, ya ja shi gabansa ya fara neman sukudireba.